Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Na'urar Wasan da Ta Ƙi Tashi

Zuwa ga Malama Na'ura, mazauniyar ƙarƙashin talabijin.

Dalilin rubuto miki wannan takarda, alhali kuwa ɗaki ɗaya muke kwana muke tashi, shi ne tun ranar da kika ɗauke numfashi ba ki amsa kiran kowa ba, yaro ko babba, kuma da yake al'adar mutanen kirki ce idan maganar baki ta faskara a koma ga alƙalami, na ga ya wajaba in shimfiɗa miki hujjojina, domin kada gobe a ce an gurfanar da ke gaban mai gyara ba a ji ta bakinki ba.

Mas'alar da ta raba kan gidan nan ita ce, shin suma kika yi ko kuwa rasuwa. Yara sun tafi a kan suma, bisa son zuciya. Uwarsu ta ba da fatawar rasuwa, tana ɓoye murmushi, don jarrabawa ta ƙarato. Ni kuwa na bi tafarkin tahaƙiƙi. Na fara da soket, na soka masa fitila ta kama, ya kuɓuta daga tuhuma. Na raba ki da doguwar wayar nan mai baki da yawa, na haɗa ki da bango kai tsaye. Na zare wayarki ta wuta, na danne maɓallinki na riƙe, domin ragowar wutar da kafasitocinki suke ɓoyewa ta tsiyaye, na bar ki kika huta, sa'an nan na mayar. Har wayar rediyon maƙwabci na aro, wadda bakinta ya yi daidai da naki, ko kallonta ba ki yi ba. Wani baƙo mai ƙaramin sani ya ce a sauya wayar HDMI, na ce masa wannan ƙiyasi ne ɓatacce, gama ita hoto da sauti take kai wa talabijin, kuma idan ta lalace allo ne zai yi baƙi, amma fitila tana ci, fanka tana juyawa. Ke kuwa babu fitila, babu ƙara, babu ko hucin iska.

A nan ne nake ganin kin saɓa wa ladabin magabatanki. Xbox 360, wadda ta fito a 2005, idan ciwo ya kama ta sai ta kunna jajayen fitilu uku kewaye da maɓallinta, duniya ta shaida, har a 2007 kamfanin Microsoft ya tsawaita mata garanti zuwa shekara 3, ya ware fiye da dala biliyan 1 domin jinyarta. PlayStation 4 ta kamfanin Sony, haihuwar 2013, ita ma takan yi ta ƙyafta shuɗiyar fitila, tana sanar da ma'abotanta halin da take ciki. Waɗannan marasa lafiya ne masu faɗa wa likita inda ke ciwo.

Sai dai ki sani shiru ma magana ce, kuma naki ya tona miki asiri. Ijma'in masu gyara shi ne, na'urar da ta yi tsit baki ɗaya, galibi illarta tana cikin akwatin wutarta, wanda suke kira pawa, shi ne mai karɓar bolt 230 daga bango ya tausasa shi zuwa wajen 12 kafin ya shiga cikinki. Na karanta takardar da ke manne a bayanki, an rubuta 100 zuwa 240, saboda haka ba za ki fake da cewa ke 'yar Amurka ce da ta saba da bolt 120 ba. Waɗanda ake zargi su ne wutar da kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, da janareta mai hawa da sauka, da ƙurar hunturu da ta toshe miki hanci har kika yi ta zafi. Akwai kuma wanda nake jin kunyar ambata: da na haska tocila cikin ramukan iskarki, na hangi fiffiken kyankyaso maƙale a raga, launin jan ƙasa, da ɗigo-ɗigon kashinsa. Wannan halitta tana ƙaunar wuri mai ɗumi da duhu, kuma idan ta gitta tsakanin ƙarafa biyu masu wuta, ta halaka ta halaka mai masaukinta.

Ba zan kwance ki da hannuna ba, domin kafasita takan riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya, kuma ni ba ni da sha'awar shahada a kan wasan ƙwallo na yara. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan naɗe ki a zane in kai ki kasuwa, mai gyara ya ɗora mitarsa a kan fis ɗinki. Idan fis ne ko pawa, na ɗauki nauyin jinya, tare da alkawarin sitabilaiza da kanta mai tsawo wadda iska ke ratsawa. Idan kuwa babban allon cikinki ne ya ƙone, har kuɗin gyara ya doshi kuɗin sabuwa, to za a cire ma'ajiyarki ko a ceto kofunan da yara suka ci, ragowar kuma 'yan gwangwan sun riga sun taya.

Kina da wa'adi zuwa daren Juma'a. Ƙyaftawa ɗaya ta wadatar.

Wassalam, daga mai gidan da ke biyan kuɗin wutarki.