Zuwa Ga Tagwayen Shokazoban Gaban Babur Ɗina

Masu girma Hasan da Husaini, mariƙa tayar gaba,

Da na tambayi lafiyarku, amma ɓata baki ne, tunda na gan ta da idona a ƙafar wandona yau da safe.

Ranku ya daɗe, ɗaurin aure za ni Gwammaja, cikin farar shaddar da na karɓo jiya daga wajen mai bugu. Ramin da muka faɗa bai kai kwanon sha zurfi ba. Kai Husaini na dama, ka yi aikinka, ka nutsa ka taso. Kai kuwa Hasan, sai ji na yi ƙwas, ƙarfe ya daki ƙarfe, haƙoran sama suka gaisa da na ƙasa, harshena a tsakiya. Da na sauka a ƙofar masallaci sai ga ɗigon baƙin mai tun daga gwiwa har idon sawu, iska ta fesa mini abin da ka zubar. Wani abokin ango ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Malam, daga gareji ake?" A hanyar dawowa na matsa birkin gaba saboda wata akuya, ya amsa mini kamar mai gyangyaɗi, domin man da ya rage ya gangara ya jiƙa shi. Akuyar ce ta yi hankali, ba mu ba.

Ba na zargin shekarunku. Tun kafin a hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 muke tare, kuma ban taɓa ɗora muku fasinja biyu da buhun masara ba. Sarƙa tana kuka, na yi shiru. Fitila sai ta ga dama, na yi shiru. Fetur kuwa tun jawabin cire tallafi na 29 ga Mayun 2023 ba a magana. Duk na haɗiye. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne sil uku a shekara ɗaya.

Sil uku, Hasan! Ɗan zoben robar nan da ke bakinka, wanda aikinsa kawai ya rungumi sanda mai ƙyalli yana share mata mai idan tana hawa da sauka, sau uku ana cire shi ana jefarwa a kwata. Na farko, yaron bakanike ya sa shi da sukuddireba da guduma, ya ɗebo baƙin man da ya juye daga injin wani ya ɗura maka da ido, ya ce, "Oga, shi ke nan, sai dai ka mutu ka bar shi." Sati biyu aka yi. Na biyu aka ce ƙurar hunturu ce ta shiga ƙarƙashin leɓensa. Na yarda, don robar da ke lulluɓe da sandar ta daɗe da yagewa. Har na tono tsohon fim ɗin kamara a akwatin hotuna, na yanka shi kamar lauje, na zura ina kewayawa ina fito da yashi, maƙwabta na kallona kamar mai yi wa babur sakace. Kuka ya tsaya kwana huɗu. Na uku ban ma tambayi dalili ba, biya kawai na yi.

Sai ɗazu da la'asar na tura ku wajen wani dattijon bakanike da ba ya son magana. Bai ko kalli sil ɗin ba. Ya ɗaga gaban babur, ya kama ƙafarka ta ƙasa ya jijjiga gaba da baya, sai ga ka kana ƙwal-ƙwal kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Na ce, "Baba, mene ne?" Ya ce, "Bushin ne ya cinye. Ko sil ɗari ka sa, zai zuba."

To ashe haka ne. Ashe can cikin cikinka akwai wasu siraran zobban ƙarfe da aka shafe da wani abu mai santsi, launin toka, su ne ke riƙe sanda ta miƙe sak. Santsin ya goge, jan ƙarfen da ke ƙasa ya fito, sanda ta samu wurin rawa, duk rawar da ta yi sai ta buɗe bakin sil ta gefe guda mai ya tsere. Wato shekara guda an bar jaki ana dukan taiki, kuma da kuɗina ake sayen sandar dukan. Kai kana ji, kana gani, ka yi gum. Na taɓa aiki a wani ofis inda kuɗi ke ɓacewa, duk bayan 'yan watanni a kori masinja a ɗauko sabo, mai kujerar can ciki kuwa ko tari ba a yi a gabansa. Ban san a gaban babur ɗina ma tsarin da ake bi ke nan ba. Munafuki kawai! Wane irin ƙarfe ne zai bari a yi ta binne ƙananan robobi a madadinsa?

Astagfirullah. Mu koma kan takarda.

Baba ya kuma bi sandarka da farce ya nuna mini ƙananan ramukan tsatsa guda biyu a daidai inda sil ke wucewa. Ya ce waɗannan za a iya lallashinsu da sanfefa mai laushi ƙwarai, amma in sun yi zurfi sai sabuwar sanda. A nan kam idan ɓera da sata daddawa ma da wari: damina biyu kuna kwana a tsakar gida ba ko buhu a kanku.

Saboda haka ga sanarwa. Ranar Asabar za a kwance ku duka biyu. Kai Husaini ka yi haƙuri, ban kama ka da komai ba, amma ba a gyara ƙafa ɗaya a bar ɗaya da tsohon mai. Za a sassauta murfin sama tun kuna jikin babur, a kula da sifirin kada ya yi tsalle ya fasa wa wani goshi. Ƙusar ƙasan nan mai juyawa da abin cikinta don kada a kwance ta, Baba ya ce ya san maganinta. Za a wanke cikinku tas, a sa sababbin bushin, a rufa wa kan sanda leda kafin a zura sil don kada ya yanke, rubutunsa na kallon sama, a zaunar da shi da guntun fayif na roba, a mayar da kilif. Man shokazoba na gaske za a zuba, da sirinji, daidai wa daida, wanda ko kofin shayi ba zai cika ba a kowace ƙafa.

Idan bayan wannan na sake ganin ɗigo ɗaya a madigadi, Hasan, mai kurar gwangwan yana wucewa ta layinmu kullum da hantsi, kuma da kilo yake saye.

Naku wanda harshensa ke zugi har yanzu,
Mai babur.