Ka Ce Kowa Ya San Zafi Ke Kawo Sanƙarau?

To, Malam, gyara zama. Na hango ka tun daga take ka fara taɓe baki. Ka ce wai mutum ya tafi har Birmingham ta Ingila, ya sha sanyin Turai, ya dawo da digirin dakta, kuma duk abin da ya gano shi ne sanƙarau da zafi tare suke zuwa? Ka ce ko tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar Sheme ta san wannan, ba ta kuwa taɓa hawa jirgi ba.

Ta sani mana, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma je ka tambaye ta: Iya, a watan Maris mai zuwa mutum nawa za a kwantar, kuma kwali nawa na allura za a tanada tun Fabrairu? Za ta ce maka Allah masani, ta miƙo hannu ka biya ta kuɗin daddawarta. Inda Iya ta tsaya, nan mutumin da kake yi wa dariya ya ɗora.

Sunansa Auwal F. Abdussalam, malamin ilimin ƙasa a Jami'ar Jihar Kaduna. Shi da abokan aikinsa na Birmingham da na wata cibiyar nazarin yanayi da ke Colorado a Amurka suka bi rajistar asibitoci uku a Kano da Sakkwato da Gusau, wata bayan wata, daga 1990 zuwa 2011. Shekara 22 ke nan, kai da ko lissafin buhunan masarar bara sai an kira maka uwargida. Suka jera adadin marasa lafiya gefe guda, a ɗaya gefen suka jera abin da tashoshin auna yanayi suka rubuta: zafi, laimar iska, ruwan sama, ƙarfin iska, hasken rana da ƙura. A 2014 aka buga sakamakon a wata mujalla ta ƙungiyar masana yanayi ta Amurka.

Me suka gani? Tsananin zafi da bushewar iska da ƙwallewar rana a cikin watan suke nuna aikinsu. Ƙura kuwa tana da wayo, sai bayan wata guda take bayyana. Hazon da ya rufe ka a Janairu, kana murna ya rage maka rana, kamar mai bin bashi yake: ya yi sallama ya wuce, a Fabrairu zai dawo da shaidu. Da wannan suka nuna cewa ana iya hasashen yawan masu kamuwa wata guda kafin su iso ƙofar asibiti.

Ka ce wata ɗaya kacal? Kai, Malam, ji tsoron Allah! Cutar da ke iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, wadda in ba a yi magani ba tana iya tafiya da rabin waɗanda ta kama, wadda ko ta sake ka tana iya barin ka da kurumta, ita ce kake raina wa gargaɗin kwana 30? Allurar rigakafi kanta sai ta yi kamar kwana goma zuwa mako biyu a jiki kafin ta fara tsare mutum. A ɗauko ta daga Abuja, a kai Katsina cikin sanyi, a biyo da ita ta Funtuwa har ta isa Sabuwa, ka lissafa da kanka. Kai da ake gaya wa ranar biki wata uku kafin lokaci, amma ranar ɗaurin aure kana wurin tela kuna cacar baki.

Yanzu bari in kama ka da bakinka. Ka ce zafi ke kawo sanƙarau. To me ya hana shi tarewa a Legas, ko can dusar ƙanƙara ke sauka? Zafi ba ya haifar da cutar. Ƙwayar cuta ce ke zaune a maƙogwaro, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na yawo da ita lafiya ƙalau, yana tari yana rabawa. Wataƙila har da kai, da wannan dogon musun naka. Abin da masana ke gani shi ne busasshiyar iska da ƙura suna kankare fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami kafar shiga jini, ta haura zuwa rigar ƙwaƙwalwa. Legas na da zafi amma iskarta jiƙe take. Tamu kuwa daga Nuwamba ta bushe ƙayau, ga ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana wannan zirin na sanƙarau, wanda yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa daram. Nan kusa da ku a Zariya, Brian Greenwood da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi annobar shekarun 1970, suka ga tana tashi in iska ta bushe, tana kwantawa da zarar laima ta dawo. Saboda haka ba daga sama Auwal ya faɗo ba, a kan aikin magabata ya ɗora lissafi.

Ka ce ai duk wannan surutu ne, cuta hukuncin Allah ce. Wa ya musa? Ruwan sama ma da ikon Allah yake sauka, amma ban ga ka jira ya zubo kafin ka nemi taki ba. Kuma wani babba ya riga ka faɗin haka. A 2017, lokacin da sanƙarau da ya taso daga Zurmi ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, aka lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ɗora abin a kan zunuban jama'a. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a cewa allura ake nema. Ni dai tambaya ɗaya gare ni: in zunubi ne ma'auni, me ya sa yake yawaita a Maris, ya yi sauƙi da saukar ruwan fari? Ko da damina duk gari tuba ake yi? Kai kuma na Faskari da ke cewa wannan matsalar Zamfarawa ce, sai ka gaya mini ranar da ka ga an tsayar da ƙwayar cuta a shingen 'Yankara an ce ta fito da katin shaida.

Ka ce an yi muku allurar tuni, har da tabo a dantse. An yi, ba ƙarya. Wadda aka fara a Nijeriya a 2011, MenAfriVac, ta nau'in A ce, ta kuma yi aikinta har nau'in ya kusa ɓacewa. Na 2017 nau'in C ne, ɗan'uwansa ne amma ba shi ba. Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, mai tare nau'i biyar a allura ɗaya. Na ji ka kana gunaguni kana ambaton Kano da 1996 da gwajin maganin Pfizer a kan yara. A nan ba zan yi maka dariya ba, zargin yana da tushe. Sai dai ka tuna a wannan shekarar sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, sama da 11,000 suka mutu, kuma cutar ce ta kashe su.

Akwai takarda ta biyu, ita ma ta 2014, wadda ta leƙa gaba. In duniya ta ci gaba da ɗumama, kuma rigakafi da magani suka tsaya yadda suke, masu kamuwa a arewa maso yamma na iya ƙaruwa da kashi 47 zuwa 99 cikin ɗari a tsakanin 2060 da 2075, in aka gwada da 1990 zuwa 2005. Lokacin cutar ma zai matso, ya fara a Oktoba maimakon Nuwamba, kana tsakiyar girbi. Ka ce kafin 2075 ka daɗe a ƙasa? Madalla. Gonar da kake faɗa da maƙwabci a kan iyakarta, wa kake tara wa?

Ga inda za mu ɗan shirya da kai. Ka ce 'yan jami'a don ƙarin girma suke rubutu, su ƙirga sau nawa wani ya ambaci takardarsu a tasa, su buga ƙirji. Akwai ƙamshin gaskiya. Haka ake auna malami a duniyarsu, kuma ambato dubu a mujallun Turai bai taɓa sauke wa yaro zazzaɓi a Ƙanƙara ba. Ni a wurina ranar da aikin nan zai cika shi ne ranar da gargaɗin sanƙarau da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa zai sa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya cika firjinsa kafin gawa ta farko, ba bayan ta goma ba.

Amma kada ka yi saurin tafi, don kai ma kana cikin masu laifi. Lissafin nan daga asibitocin manyan birane aka ɗauko shi. Yaron da wuyansa ya sanƙare a ƙauyen Sabuwa, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da tofi kwana uku har ya cika, ba ya cikin rajistar kowa. Wanda aka kai asibiti, likita ya ce zai ɗebi ruwan ƙashin baya don a san nau'in ƙwayar, ka daka tsalle ka ce za a gurgunta maka ɗa, shi kuma ba za a san nau'in da ya kama shi ba. Sannan ga abin da ma'aunin zafi ba ya gani: a da in bazara ta yi, tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar gida a sha iska har asuba. Yau a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wa zai kwana waje, 'yan bindiga na yawo? Mutum goma a ɗaki ɗaya, har da 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauye, ƙofa a kulle, taga a toshe da tsumma. Ƙwayar da ke bin numfashi ba ta neman gatan da ya wuce wannan.

Ka hana malami alƙaluma, sannan ka zauna a majalisa kana cewa lissafinsa bai san garinku ba. To ta ina zai san shi, Malam, ta mafarki?