Zoɓonki da Awon Mutanen Landan

Zuwa ga taubashiyata,

Ki gai da maigidan, ki ce ina jinjina masa kan haƙurin da yake yi da zoɓonki.

Zoɓon ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Turawan nan na Landan suna da sana'ar haɗa abin sha da suke kira koktel, kuma duk asirinta yana wajen awo. Tun 1806 wata jarida a jihar New York ta Amurka ta ce abu huɗu ne: barasa, sukari, ruwa da ɗigon abu mai ɗaci. Irin su daiquiri da mojito na ƙasar Kyuba kuwa a kan tsami da zaƙi suke tsaye. Ruwan lemun tsami da ruwan sukari kusan kai ɗaya ake zubawa, a auna su da ɗan kofin ƙarfe mai baki biyu, in daiquiri ne a girgiza da ƙanƙara a cikin gwangwani har ya yi raɓa, sannan a tace. Ko na'a-na'a ba a kirɓa ta, dannawa ake yi a hankali don kada ɗacinta ya fito. Ke kuwa da ludayi kike antaya sukari, har ƙudan zumar unguwa sun haddace ƙofar gidanki.

Na san za ki ce, "A'uzubillahi, shaye-shaye ka je koyowa?" Kwantar da hankalinki, ko an cire barasar sana'ar tana nan daram. A 2015 aka fara sayar da Seedlip a nan Ingila, ruwan ganyaye da kayan ƙamshi marar barasa, a 2019 kuma kamfanin Diageo mai Guinness ya saye mafi yawan hannun jarinsa. Ɗan kasuwa ai ba ya zuba kuɗi inda babu masu saye. Sai dai ki kiyayi Angostura da ake ɗigawa a Chapman ɗin Legas, kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ne. Citta da kanumfari da ɓawon lemu sun wadatar.

Za ki kuma ce, "Bature ne zai koya mini zoɓo?" Ai kayan naki ne. Zoɓon Jigawa ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Mekziko, masu koktel ma suna nemansa saboda tsaminsa da jan launinsa. Awon kawai nake roƙo: ki tsayar da kofi ɗaya, ki rubuta adadi, don na gobe ya yi daidai da na yau.

Idan ciniki ya buɗe, ki ajiye mini ladan shawara tare da kuɗin sharar bana.

Naki,
Taubashinki