Ai a wayata tana aiki

Babu maganar da ta fi "ai a wayata tana aiki" daɗi a bakin mai rubuta manhaja, alhali ba wayarsa za a raba wa jama'a ba. Maganinta ƙananan gwaje-gwaje ne: a ware aiki guda, a ce lissafin kwanan wata, a miƙa masa 29 ga Fabrairu, a ga ko zai suma. Don irin waɗannan gwaje-gwaje, masu Android suna da JUnit, masu iPhone suna da XCTest.

Masu ƙorafi kan ce babu lokaci, sai an gama tukuna. To, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma lokacin da aka hana wa gwaji shi ake biya har da kuɗin ruwa bayan manhaja ta shiga Play Store, masu ba da tauraro ɗaya sun yi layi. Ƙorafi guda dai yana da ƙamshin gaskiya: ana iya rubuta gwajin da zai ratsa kowane layi na manhajar, ya nuna kashi 100, bai duba sakamako ko sau ɗaya ba. Wannan malamin jarrabawa ne da ya ƙirga kawunan ɗalibai ya tafi gida. Irinsa kam, a goge shi.