Jita Mai Son Zama Gurmi

Wani matashin makaɗi a Kafinsoli ya sayar da tumakinsa, ya sayo jita mai lantarki daga Kano, irin mai ƙatuwar muryar nan. Ya haɗo da lasifika da janareta. Burinsa ɗaya: ta yi amon gurmi.

Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya cusa soso ƙarƙashin tsirkiya. Ya lulluɓe lasifika da bargo. Jita dai sai gurnani take, awakin maƙwabta na tsinke igiya.

Wani dattijo ya tuna masa cewa da kuntigin gwangwanin kifi Ɗan Maraya Jos ya yi suna.

"Baba, ai wannan zamanin da ne."

Can sai man janareta ya ƙare. Ya taɓa tsirkiya, ya kasa kunne.

"Yawwa! Ta fara kama hanya. A ƙaro mai!"