Monita, Suruka da Kumatun Amarya

A bikin Kano ana yafe wa mai abinci idan shinkafa ta caɓe, ana yafe wa mai kiɗa idan ya manta sunan kakar ango, amma mai hoton da ya sauya launin anko ba shi da mai ceto. Mata sun yi makonni suna safa da marwa tsakanin Kantin Kwari da WhatsApp, an yi fushi, wasu sun fice daga guruf an lallaso su sun dawo, kafin a tsaya a kan ruwan hanta. Idan albam ya fito da ruwan goro, to ka tsokano dangi biyu a rana ɗaya.

Sana'ata ke nan, ɗaukar hoton biki da suna, kuma ina so a sani tun yanzu cewa idona lafiyarsa ƙalau. Laftof ɗina ce ta ci amanata. Allonta irin na masu sauƙin kuɗin nan ne da ake rubuta wa "45% NTSC" a jikin kwali, rubutun da mai shago ke karanta maka da alfahari, alhali ma'anarsa ita ce allon bai iya nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan sRGB ba. Shi kuwa sRGB shi ne ma'aunin launi da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda intanet da wayoyi da yawancin gidajen wankin hoto suke bi. A allona ja mai zurfi kan fito a koɗe, fari kuma ya karkata zuwa shuɗi. Me mutum mai kishin aikinsa zai yi? Sai ya ƙara wa hoto ɗumi, ya ƙara masa ƙarfin launi, har ya yi daidai a idonsa. Haka na yi wa hotuna na biki guda, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa.

Da aka wanko albam, fuskar kowa ta fito kamar an shafe ta da manja.

Hajiya uwar amarya ta buɗe shafin farko, ta gyara zaman tabarau, ta buɗe na biyu.

"Mai hoto, wannan bikin waye?"

"Na 'yarki ne, Hajiya."

"To su waye waɗannan masu kayan ruwan goron? Ni dai ban gayyace su ba."

Na kwashi albam na nufi gidan wanki da shirin rigima. Yaron da ke kan inji bai ce da ni uffan ba, ya karɓi filas ɗina ya buɗe hoton a nasa allon. Manjan nan na nan zaune, har ya fi na takarda sheƙi. Ya ce, "Oga, abin da ka ba injinmu shi ya ba ka. Ka nemi monita." Na fito ba tare da na yi masa sallama ba, don ya san ban ji daɗin yadda ya yi maganar ba.

A hanya dabara ta zo mini. Me zai kai ni kashe kuɗi alhali ga talabijin inci 43 a falo, yini yake a zaune ba ya tsinana komai kafin lokacin Daɗin Kowa? Na sayi wayar HDMI na jona. Abu na farko, gefunan hoton duk sun yanke, saboda talabijin da yawa kan ɗan faɗaɗa hoto har ya wuce bakin allo, sai da na yi laluben inda maɓallan Photoshop suka shige. Abu na biyu, shi talabijin an yi shi ne don ya burge mai wucewa a shago: yana ƙara haske, yana ƙara kaifi, yana tsananta launi. Wato laftof na rage gaskiya, shi kuma yana yi mata ƙari. Duk hoton da na gyara a kansa, idan na tura waya sai mutanen ciki su fito fari fat, ka ce yanzu aka sallamo su daga asibiti.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wata la'asar na jawo fuskar wata amarya ta cika allon nan fal, tun daga goshi har haɓa, ina bin kumatunta a hankali ina share ƙuraje. Aiki ne da ke son mutum ya matso kusa, ya ƙura ido, wani lokaci har ya ɗan karkata kai ya yi murmushi idan wuri ya yi sumul. A haka surukata ta yi sallama ta shigo, uwargida na biye da ita ɗauke da jakarta. Na zame daga kujera na durƙusa ina gaisuwa, amarya kuwa tana bisa kaina, inci 43, tana yi wa kowa fari da ido.

Surukata mace ce mai kawaici, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ta amsa gaisuwa tana duban bango. Sai da ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ce da 'yarta, a muryar da aka auna don ta iso kunnena, "Ke, ashe abin har ya zo? Ai da kin faɗa mini na zo da turaren wuta."

Daren nan tuwo ya zo mini ba man shanu. Da safe na tarar an cire wayar HDMI an naɗe ta da kyau an ajiye a kan takalmina.

Sai kasuwa. Wanda ya tare ni wani matashi ne mai waya biyu a hannu, ɗaya a kunne. Na ce ina neman monita ta gyaran hoto. Ya ce, "Yallaɓai, ka zo gida." Ya nuna mini wata mai lanƙwasa, ta masu wasan gem, ya ce tana sabunta hoto sau 165 a daƙiƙa guda. Na ce masa amarya a hoto ba gudu take yi ba, ko sau 60 ma ya ishe ta. Ya dube ni ya gane ba baƙauye ba ne, sai ya shiga ciki ya fito da wata ƙatuwa, inci 27, ta hannu, wai daga wani ofis a Landan aka ciro ta, Baturiyar da ke aiki da ita ko tari ba ta taɓa yi a gabanta ba. Kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Na yi ciniki irin na 'yan gari, na ɗora ta a Adaidaita Sahu na rungume ta har gida.

A gida na juya bayanta na tarar da ramuka biyu, VGA da DVI. Laftof ɗina kuwa HDMI gare ta da USB-C. Na koma, matashin ya ba ni adafta mai shiga USB-C. Na jona, allo ya yi baƙi ƙirin yana rubuta mini cewa bai ga sigina ba. Ashe ba kowane ramin USB-C ne ke ɗaukar hoto ba. Sai wanda aka haɗa masa hanyar DisplayPort a ciki, galibi za ka ga 'yar alamar DP ko ta walƙiya a gefensa. Nawa ramin na kwafar fayil ne kawai, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya mini. Adaftar HDMI zuwa VGA ita ta yi aiki, sai dai VGA tsohuwar hanya ce da ke kwasar duk wata hayaniyar lantarki, don haka da zarar an tayar da janareta sai wasu siraran layuka su riƙa rarrafe a fuskar ango daga ƙasa zuwa sama.

Babbar masifar ba ta bayyana ba sai da na zauna aiki. Allon irin wanda ake kira TN ne. Halinsa shi ne launinsa ya danganta da inda kanka yake. Ka ɗan zame a kujera, hoto ya yi duhu. Ka miƙe zaune, ya yi fari. Ko ba ka motsa ba, saman allon ya fi ƙasansa duhu, don haka 'yan mata goma da suka ɗinka atamfa ɗaya sai na sahun baya su fito da ruwan makuba, na durƙushe a gaba da ruwan hoda. Na ɗauki mataki irin na masu ilimi: na sa biro na yi alama a bango daidai tsayin idona, na tara matasai a kujera, na hana kaina jingina. Idan ina shakkar wani launi sai in miƙe tsaye a hankali, in sake durƙusawa a hankali, in ɗauki matsakaicin abin da na gani. Ƙaramin ɗana ya leƙo ya daɗe yana kallo, ya ruga ya ce wa uwarsa Baba yana salla amma ba gabas yake kallo ba.

Da na mayar da ita, matashin ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Ya ƙara da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ce ni monita na saya. Aka tara mutane. Aka yi sulhu a kan zai karɓa a matsayin musaya idan na yi ciko, ni kuma na ce sai na yi shawara, don in nuna masa ina da manya.

Manyan nawa wani dattijo ne da ya yi hoto tun zamanin fim da ɗakin duhu, duk muna ce masa Baba. Ya saurari labarina har ƙarshe, ya yi dariya har sai da ya cire hula, abin da na ga bai dace da shekarunsa ba. Sannan ya ce in riƙe haruffa uku, IPS, domin shi wannan allon ko ta gefe ka dube shi launinsa ba ya guduwa. In nemi wanda aka rubuta yana nuna kashi 99 ko 100 na sRGB. Kada ya kasance mai sheƙi irin na madubi, in ba haka ba taga da fankar sama za su shiga kowane hoto. Game da girma ya ce, "Ɗana, yawan ɗigo ake dubawa. Inci 27 mai 1920 da 1080, ɗigo wajen 82 ne a inci guda, shi ya sa ka ga gashin ido ya dame. In 27 kake so, nemi mai 2560 da 1440, ɗigo wajen 109. In aljihu bai kai ba, inci 24 mai 1920 da 1200 ya wadatar, ba a kushe shi."

Na ce ai ni 4K nake hari, tunda an zo gyara a yi mai gaba ɗaya. Ya tambayi shekarun laftof ɗina, na faɗa, ya ce ramin HDMI ɗinta tsohon samfuri ne, 1.4, wanda ba ya iya tura 3840 da 2160 fiye da sau 30 a daƙiƙa, kibiyar linzami ma sai ta riƙa tafiya tana ɗingishi. Na kawo zancen Adobe RGB, wanda na ji ana ce ya fi faɗi. Ya ce gaskiya ne, tun 1998 yake, ya fi yalwa musamman wajen kore da ruwan bula, masu buga mujallu na amfana da shi, amma ni hotunana a waya da gidan wankin unguwa suke ƙarewa. Ya lissafo Dell UltraSharp da ASUS ProArt da BenQ, ya ce sarkinsu Eizo ta Japan. Na duba kuɗin Eizo a waya, na roƙi a ba ni ruwa.

Na koma kasuwa da filas ɗauke da abin da Baba ya ce: shafi fari tas, shafi baƙi, shafi ruwan toka, da hoton mutumin da na san launin fatarsa da ka. Na zaɓi hoton uwargida, saboda dalilai na siyasar cikin gida. Fari da baƙi suna tona matattun ɗigo da hasken da ke yoyo ta gefe, ruwan toka kuma yana tona allon da ɓari ɗaya ya fi ɗaya ja. Na sa aka jona monitoci bi da bi, ina leƙen kowace ta hagu, ta dama, ta ƙasa. Matashin ya daina ce mini Yallaɓai. Na fito da inci 24, IPS, ta hannu amma lafiyayya, bayan cikon da ya cinye ribar biki guda.

Saura daidaitawa. Baba ya ara mini 'yar na'urar auna launi, wadda ake ratayawa da igiyarta ta kwanta a tsakiyar allo, manhaja tana hasko mata launuka kala-kala tana karantawa. Ya ce in sa fari a 6500, gama a 2.2, haske kuma wajen 120, domin monita kan zo daga kamfani da haske ninki biyu na haka ko fiye, shi ne dalilin da hoto ke kyau a allo ya fito da duhu a takarda. Ya ce in sauya ƙwan ɗakin mai ruwan ɗorawa, in kuma rufe taga. A watan Afrilu, a Kano. Na rufe. Ana tsakiyar awo aka ɗauke wuta. Aka dawo da ita, na faro daga farko, ina zaune daga ni sai singileti, gumi na zuba, na tsura wa allo ido yana sauyawa daga ja zuwa kore cikin duhu, ga wani baƙin abu na reto a jikinsa. Surukata, wadda ta zo duba ko an sasanta, ta wuce ta bakin ƙofa. Na jiyo ta a tsakar gida tana cewa, "Ke, yanzu kuma laya ya rataya mata. Ki dage da addu'a."

Amma fa aiki ya yi kyau. Bikin da na ɗauka bayan nan, abin da na gani a allo shi ya fito a takarda. Amaryar baƙa ce mai kyau, fatarta ta fito da ainihin launinta, lallenta ya fito ja inda yake ja, baƙi inda yake baƙi, zaren zinaren mayafinta ana iya ƙirga shi. Har Baba na kai wa ya gani, ya jinjina kai. Na tura mata a waya da daddare.

Da safe na ga hoton a sitatus ɗinta. Ta bi shi da wata manhaja ta wanke fuskar tas har hanci ya ɓace, ta ƙara wa idanun girma, ta zuba furanni suna faɗowa daga sama, sannan saboda mutunci ta rubuta sunan shagona da lambar wayata a ƙasa da manyan baƙaƙe. Kafin azahar wayata ta fara ƙara. Wata Hajiya ce daga Gwammaja, bikin 'yarta bayan Salla.

"Kai ne mai hoton nan da na gani? To irin wannan hasken nake so, kada ka rage komai. Furannin kuɗinsu daban ne, ko suna cikin lissafi?"

Na ce daban ne.