Jirgin Sama Na Hannu

A Amurka ba sai attajiri ke sayen ƙaramin jirgin sama na hannu ba. Wanda ya fi yawa a kasuwar shi ne Cessna 172, da aka fara sayarwa a 1956, don haka wani jirgin ya girmi mai sayensa. Mai sayarwa kuwa ko'ina bakinsa ɗaya: lafiyarsa ƙalau, fenti ma sabo ne.

To, ai ba fenti ke tashi ba. Shi ya sa ake ɗauko makanike kafin a biya, kuma ba aminin mai jirgin ba. Zai auna matsin kowace silinda, ya yanka filtar mai ya ga ko injin ya fara cin kansa, ya haska cikin fukafukai yana farautar tsatsa. Sannan ya bi littattafan gyara shafi-shafi, domin injin Lycoming na wannan jirgi, kamfaninsa ya ce a yi masa garambawul bayan awa 2,000. In aka ce littafin ya ɓata wajen ƙaura, yi sallama.

Wai ladan makanike ya yi yawa? Mota in ta mutu, ka gangara gefen titi, yara su tura. A sama babu gefen titi, balle masu turi. Biya makanike, malam.